Zafi Suna Ya Tara

Duk wanda ya shigo Foli ya san akwai wani muƙami da ake naɗa shi a gida ba tare da an nemi shawararsa ba. Daga ranar da sunanka ya fito, ka zama ɗan bokon gida. Fom ɗin banki kai ne. Saƙon Turanci ya shigo wayar Baba, kai ne. In kuwa ciwo ya kwantar da wani babba a dangi, kai za a kira a ce ka ajiye lakca ka zo ka raka shi asibiti, "tunda kai kake jin yarensu." Ba ruwan kowa da cewa kanikanci kake karanta ko akanta ko aikin jarida. A wurinsu boko duk boko ne.

To tunda rawanin ya riga ya hau kanmu, maza da mata, gara mu san aikin. Lungu ɗaya nake so in taɓa a wannan fitowar: ɗakin hoton CT, da ruwan nan da ake tura wa mara lafiya ta jijiya yayin ɗaukar hoton, da abin da ke sa wani lokaci ruwan ya fita daga jijiya ya malale a ƙarƙashin fata. Ni ba ɗalibin lafiya ba ne, ɗan kanikanci ne a HND 2. Amma na tsaya a ƙofar ɗakin nan har sau biyu saboda mutum ɗaya, kuma abin da na koya tsakanin tsayuwa ta farko da ta biyu ya fi ƙarfin in riƙe shi ni kaɗai.

Bari mu fara da injin. Wanda bai taɓa gani ba, ya ƙaddara wata ƙatuwar taya ce a tsaye, da siririn gado da ke shiga cikinta yana fita. Wani injiniyan Ingila mai suna Godfrey Hounsfield ne ya ƙera shi, kuma a 1971 aka fara ɗaukar mara lafiya da shi a birnin Landan. Hasken eksire yake amfani da shi, sai dai yana zagaya jiki yana ɗauka yanka-yanka, kamar yadda ake yanka burodi. Ƙashi yana fitowa fes. Amma hanta da ƙoda da hanji da jijiyoyin jini duk kusan kala ɗaya suke fitowa, toka-toka. Shi ya sa ake tura wani ruwa mai sinadarin aidin a jijiya. Aidin yana tare hasken, don haka duk inda jini ya kai shi sai wurin ya haskaka a hoto, likita ya iya raba ƙari da lafiyayyen nama. Ma'aikata suna ce masa kontiras. Wasu na ce masa rini, alhali garau yake kamar ruwan sha. Daga baya ƙoda ce ke tace shi ya fita ta fitsari.

Ga inda lissafi ya shigo. A hoton ciki ko ƙirji na babban mutum, ruwan yakan kai wajen mililita 100, ko ƙasa kaɗan ko sama kaɗan. Ledar fiya wata mililita 500 ce, ka ga kashi ɗaya cikin biyar ɗinta ke nan. A ido ba yawa. Amma ka tuna ledar ƙarin ruwa ta asibiti awanni take yi tana ɗiga kafin ta ƙare. Wannan kuwa wani inji mai ƙaton sirinji ne ke tura shi, mililita 3 zuwa 5 a kowane sakan, wato kusan cikin ƙaramin cokalin shayi duk sakan ɗaya. In an saita shi a 4, cikin sakan 25 an juye duka. Dole ce ta sa ake wannan saurin, don ana so a kama hoton ruwan yana dunƙule a jijiyoyi bai riga ya tsinke cikin jini ba. In jijiya ta riƙe, lafiya lau. In ta yage, ko bakin kanula ya zame ya fita daga cikinta, ruwan nan duka nama zai shiga, kuma kafin ka gama amsa sallama an yi an gama.

Mu 'yan kanikanci mun sha fama da dokar Poiseuille a darasin gudanar ruwa cikin bututu. Abin da ban taɓa kawowa a raina ba shi ne mutumin likita ne ɗan Faransa, kuma gudun jini a ƙananan jijiyoyi ne ya kai shi ga binciken. Dokar ta ce in ka rage faɗin bututu da rabi, ƙarfin turin da kake buƙata don ruwa ya ci gaba da gudu yadda yake zai ninka sau 16. In ruwan ya ƙara kauri, turin ma sai ya ƙaru. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

A hutun zangon farko na HND 1 aka kira ni kan Gwaggo, yayar Baba. Ta haura sittin, ta fi shekara goma tana fama da suga, ga kuma ciwon ciki da ya kwantar da ita kwana shida a wani asibiti. Likita ya rubuta hoton CT. Sai da aka yi karo-karo a dangi kafin kuɗin ya haɗu, har da na awakin ƙanwarta. Ranar hoton ni na tura ta a keken marasa lafiya. A bayan hannunta na hagu, tsakiyar baƙin lallen da bai gama gogewa ba, akwai 'yar shuɗiyar kanula da aka sa mata kwana uku da suka wuce, bayan an soke ta wuri-wuri ana neman jijiya. Ɗan rakiya ba ya zama a ciki saboda hasken injin. Aka rufe ƙofa, jar fitila ta kama, na zauna a benci.

Ba a yi minti goma ba ƙofar ta buɗe, mai ɗaukar hoton ya fito da sauri yana kiran nas. Da ya duba allonsa bai ga ruwan ya bayyana a jijiyoyin ciki ba, shi ne ya tsayar da injin. Na leƙa. Bayan hannun Gwaggo ya tashi suntum, yana ƙyalli, yatsun sun yi ɓul-ɓul. Da ƙyar da sabulu aka zare zobenta.

Na durƙusa kusa da ita na ce, "Sannu Gwaggo. Ba ki ji ciwo ba ne?"

Ta ce, "Na ji mana, ɗan nan. Kamar an zuba min barkono a ƙarƙashin fata."

"To ai da kin yi magana, suna jin ki ta lasifika."

"Yo ba yaron ne ya ce zan ji zafi ba? Ya ce kar in damu, kar in motsa. Kuma ina ni ina raki a gaban ɗan cikina?"

Wallahi sai na rasa abin cewa. Ma'aikacin nan gaskiya ya faɗa mata, kuma da Hausa ya faɗa. Duk wanda aka tura wa ruwan nan yakan ji wani ɗumi ya ratsa shi daga maƙogwaro zuwa mara, bakinsa ya yi ɗanɗanon ƙarfe, wani ma ya ji kamar fitsari ya kufce masa alhali ba komai. Wannan ba matsala ba ce, cikin minti ɗaya ko biyu ya wuce. Shi yake nufi da zafi. Amma a Hausa rana zafi, shayi zafi, barkono zafi, ciwo ma zafi. Gwaggo ta ji raɗaɗi a hannu, ta ce to ga zafin da aka ce, ta cije.

Likitar da ta zo duba hannun ta ɗaga shi a kan matasan kai har ya fi ƙirji tudu, ta sa aka kawo ƙanƙara a naɗe cikin tawul. Ta danna farcen Gwaggo tana kallon yadda jini ke dawowa, ta ce ta motsa yatsu, ta tambaye ta ko tana jin taɓi. Sannan ta juyo gare ni ta ce, "Hajiya ta haɗa kusan duk abin da muke tsoro." Abin da ta lissafa min a tsaye, da abin da na bi na karanta bayan na dawo makaranta, shi ne zan jero muku.

Na farko jijiyar kanta. Ta tsoho ba ta matashi ba ce, ta yi laushi kamar tsohon tiyo da ya sha rana. Suga na lalata hanyoyin jini. Maganin kansa da ake ɗurawa ta jijiya yana sa ta taurare ta ƙanƙance. Wanda jinya ta rame shi, da wanda jini ya taɓa daskare masa a wannan hannun, duk suna ciki. Haka matar da aka yi wa aikin kansar mama aka cire mata kaluluwar hammata: hannun wannan ɓangaren ba ya kwashe ruwa yadda ya kamata, shi ya sa ake guje masa. Sai kuma 'yan uwanmu masu sikila. Duk wanda ya zauna ɗaki ɗaya da mai sikila a hostel ya san yadda nas ke shan wahala kafin ta sami jijiya, don tun suna yara ake sukar su, jijiyoyin duk sun yi tabo.

Na biyu wurin da aka sa kanular. Jijiyar cikin gwiwar hannu, inda ake ɗibar jini, babba ce, ita aka fi so. Ta bayan hannu da wuyan hannu da ƙafa da idon sawu ƙanana ne, kuma wuraren ba su da sakakken nama da zai ɗauki ruwa in ya zube. Mililita 50 a damtse wani abu ne, a bayan hannu kuwa wani abu ne daban. In dole ta sa sai a can za a yi, akan rage gudun injin sosai.

Na uku kanular kanta. Kalarta ita ce lambarta: koriya 18, mai ruwan hoda 20, shuɗiya 22, rawaya 24. Iya girman lamba iya sirantar bututu. In za a yi gudun mililita 3 a sakan ko fiye, an fi son mai ruwan hoda ko koriya, kuma dokar Poiseuille ta riga ta gaya mana dalili. Kanular da ta wuce awa 24 a jiki ta fi haɗari, don jijiyar ta fara kumbura ta ciki, ga motsin kwanciya da tashi ya sassauta ta. Jijiyar da aka soka sau biyu sau uku kafin a dace, ramukan farko suna nan, ruwa mai ƙarfi zai iya bi ta cikinsu. Allurar ƙarfe mai fukafukai ma ta fi ta roba saurin huda jijiya.

Na huɗu kaurin ruwan. Wanda aidin ya fi yawa a cikinsa ya fi kauri, sanyi kuma yana ƙara masa, kamar manja da hunturu. Shi ya sa wurare da yawa suke ɗumama shi zuwa digiri 37, daidai ɗumin jiki, kafin a tura. A hoton MRI kuwa wani ruwa ne daban ake amfani da shi, kuma ɗan kaɗan ne, mililita 10 zuwa 20, don haka matsalar ba ta kai ta CT ba.

Na biyar, wanda ya fi tsaya min a rai, shi ne baki. Littattafan likitocin hoto suna sa waɗanda ba sa iya faɗin abin da suke ji a sahun gaba na masu haɗari: jarirai, ƙananan yara, wanda ba ya cikin hayyacinsa, mai rikicin tsufa, wanda shanyewar ɓarin jiki ta tafi da maganarsa. Dalilin a fili yake. Ma'aikaci yakan tsaya ya ɗora yatsa a wurin kanula a sakannin farko, amma dole ya fita kafin hasken ya fara. Daga nan ta gilashi yake kallo, ta lasifika yake saurare. A baƙar fata irin tamu jan wuri ba ya saurin nunawa, balle an yi lalle. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, in bai faɗa ba sai ɗaki ya jiƙe.

Abin da littattafan ba su rubuta ba shi ne a wurinmu akwai rukuni na musamman: masu baki lafiya lau da tarbiyya ta hana su buɗe shi. Matar da ta haihu tara ba a ji kukanta ba, ita ce za ta yi ihu kan allura? Dattijon da ya tashi da cewa namiji ba ya raki? Ga kunyar likita, ga tsoron kar a ce ta ɓata hoton da aka sayar da awaki aka biya. Haƙurin nan da muke alfahari da shi a iyayenmu, a ɗakin nan shi ne ke cutar da su.

Kar wani ya karanta wannan ya je ya hana a yi wa mahaifiyarsa hoto. Ƙungiyar likitocin hoto ta Amurka ta ƙiyasta abin yana faruwa tsakanin kashi 0.1 zuwa 1.2 cikin 100 na allurar CT, wato daga mutum ɗaya cikin dubu zuwa wajen ɗaya cikin ɗari. Wani bincike na Jami'ar Mishigan da aka buga a 2007 ya bi allurai 69,657, ya sami 475 da ruwa ya fita, kuma a cikin manyan da abin ya shafa mutum ɗaya tak ya sami mummunan rauni. Yawanci kumburi ne da raɗaɗi, su kai ƙololuwa tsakanin awa 24 zuwa 48, sannan su sauka cikin 'yan kwanaki. Cutar da ake nema da hoton ta fi wannan haɗari nesa ba kusa ba.

Sai dai wannan ɗaya tak ɗin ma ɗan wani ne. Tsokokin hannu a naɗe suke cikin wani tantani mai tauri da ba ya miƙewa. In ruwa ya cika ciki, matsin yana danne hanyoyin jini da jijiyoyin ji, nama ya fara mutuwa, sai an yi tiyata cikin gaggawa an tsaga tantanin. Alamominsa su ne ciwo yana ƙaruwa maimakon raguwa, kumburi yana hawa, yatsu sun yi sanyi ko sun canja kala, sun mutu kamar an kwanta a kansu, ba sa lanƙwasuwa, ko bororo ya fito a fata. In kun riga kun koma gida kuka ga ɗaya daga ciki, ko ƙarfe biyun dare ne a koma asibiti. Kuma a nan ɗan boko zai tsaya da ƙafarsa, don a gida za a sami mai cewa a gasa da ruwan zafi, a murza da man zafi, ko a kira wanzami ya yi tsaga ya zuƙe ruwan. Ruwan ya riga ya ratsa nama, ƙaho ba zai fito da shi ba, sai dai a buɗe wa mai suga ƙofar gyambo. Abin da likita ya ce a yi, shi za a yi.

Hannun Gwaggo ya sauka a kwana na huɗu. Hoton kuwa bai yi ba, sai da aka sake, aka sake nemo kuɗin ruwan. Ranar ta biyu, tun a ƙofa na ce wa ma'aikaciyar, "Sista, don Allah ga bayani. Tana da suga, jijiyarta na ba da wuya, kuma makon jiya ruwan ya fita a hannun hagu." Ba ta ɓata rai ba, godiya ma ta yi. Ta sa sabuwar kanula mai ruwan hoda a cikin gwiwar hannun dama, ta fara tura ruwan gishiri da sirinji tana taɓa wurin don ta tabbatar hanya a buɗe take. Ni kuma na roƙi minti ɗaya na ce, "Gwaggo, abu biyu ne. In kika ji ɗumi a jiki gaba ɗaya, har kamar fitsari, wannan ba komai. In kika ji raɗaɗi ko zogi ko ɗaurewa a nan inda allurar take, ki ɗaga murya ki ce hannuna. Ba raki ba ne, taimakon su kika yi." Ta ce, "To, ai yanzu ka yi magana." Aka yi hoto lafiya, aka ga abin da ake nema.

Iyakar aikin ɗan rakiya ke nan, kuma ba ya buƙatar satifiket. Ka san tarihin wanda ka rako: suga, sikila, maganin kansa, tsohon aiki a hammata, yaushe aka sa kanular da ke jikinsa. Ka faɗa tun ba a tambaye ka ba. In kanular tsohuwa ce ko a bayan hannu take, ka tambaya cikin ladabi ko za a duba ta kafin a haɗa inji. Mutanen nan ƙwararru ne masu lasisi, sun fi ka sanin aikinsu, amma layi ne a gabansu, kai kuwa mutum ɗaya ka sani ciki da bai. A cire zobe da awarwaro kafin a shiga. In wanda ka rako ba ya iya magana, yaro ne ko kurma ko mai ruɗewa, ka gaya musu a sarari don su ƙara sa ido. In an fito, ka duba hannun da idonka ka taɓa, don wani lokaci ruwan yakan fita ba tare da wani ciwo ba.

Abu na ƙarshe, ga masu jin Turanci da za a ce su fassara wa iyaye. In ma'aikaci ya yi bayanin abin da za a ji, kar ka tattara shi duka ka ce zafi. Hausa ba ta rasa kalmomi ba: akwai ɗumi, akwai raɗaɗi, akwai zogi, akwai suka. Ka raba su ɗaya-ɗaya, ka sa a maimaita maka, sannan ka gaya wa dattijon da bakinka cewa yau an yafe masa jarumta.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti.